Jethro Tull, Lauyan Da Ya Sa Taya Ta Riƙa Auna Iri

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowa na lissafin kuɗin iri da taki da na 'yan ƙwadago. A 'yan shekarun nan injin shuka ya fara shigowa hannun ƙananan manoma. Akwai na turawa da hannu kamar baro, akwai wanda shanu ke ja, akwai kuma na bayan tarakta wanda ƙungiyoyi ke ɗauka haya. Idan ka duƙa ka duba ƙarƙashin mafi yawansu, za ka tarar abu ɗaya ne ke tafiyar da su. Tayar da ke taka ƙasa ita ke juya abin da ke sakin iri. In ta juya iri ya sauka, in ta tsaya iri ya tsaya.

Wannan dabara ta haura shekara 300 a duniya, kuma sunan da aka fi dangantawa da ita shi ne Jethro Tull, wani Bature ɗan Ingila wanda ya karanta aikin lauya amma ya ƙare rayuwarsa a gona. Yau tarihinsa za mu kawo muku, da abin da ya yi daidai, da inda ya yi kuskure, domin duka biyun akwai abin ɗauka ga mai shirin sayen injin shuka a bana.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Jethro Tull a shekarar 1674 a ƙauyen Basildon da ke yankin Berkshire, yamma da birnin Landan. Don a fahimci nisan lokacin, a wannan shekara Sarki Dadi ne ke kan gadon sarautar Kano, kuma saura shekara 80 a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Iyayensa masu gonaki ne, suna da rufin asiri daidai gwargwado, saboda haka aka sa shi a makaranta. Yana da shekara 17 ya shiga kwalejin St John's ta jami'ar Oxford, daga nan ya wuce makarantar lauyoyi ta Gray's Inn a Landan. Tun yana saurayi kuma yana da sha'awar kiɗa, har ya san cikin ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututu da yawa da ake kaɗawa a coci. Ku riƙe wannan magana ta ogan, za ta dawo nan gaba.

Bai yi aikin lauya ba. Jikinsa ba mai ƙwari ba ne, ciwon ƙirji ya dame shi tun da ƙuruciya. A 1699 ya auri Susanna Smith, suka tare a gonar mahaifinsa da ake kira Howberry, kusa da garin Wallingford a bakin kogin Thames. Haka ɗan boko ya wayi gari da gona a hannu, da ma'aikatan da suka girme shi a harkar, kowannensu yana ganin ya fi shi sanin ƙasa.

Yadda ake shuka a Ingila a wancan zamani

Mu a nan mun gaji shukar rami. Mai sungumi yana gaba yana sara, masu zuba iri suna biye suna rufewa da diddige, kuma a kan layi ake tafiya. Manomin Ingila na wancan lokaci yafi yake yi. Ya rataya kwandon iri, yana tafiya yana watsawa dama da hagu, irin yadda wasunmu ke yi wa shinkafa da alkama da riɗi har yau. Bayan an watsa sai a ja haro a rufe.

Duk wanda ya taɓa yafi ya san halinsa. Wani wuri iri ya taru ya cunkushe, wani wuri ya zama fili fetal. Wani ƙwayar ta nutse da yawa ta ruɓe, wata ta tsaya a sarari tsuntsaye su tsince. Bayan an tsiro kuma babu layin da za a bi a yi noma, sai dai a cire ciyawa da hannu ko a bar ta ta yi yadda ta ga dama. Saboda manomi ya san wani kaso na irin asara ne, sai ya zuba fiye da kima don ya cike gurbi. Wannan kuwa hatsi ne da ya kamata ya shiga tukunya ko kasuwa.

Rigimarsa da 'yan ƙwadago

Abin da ya tsaya wa Tull a rai wani tsiro ne da Turawa ke kira sainfoin. Dangin wake ne da gyaɗa, ana noma shi don dabbobi, kamar dai yadda muke tanadin harawa. Daga Faransa ya shigo Ingila, irinsa yana da tsada, kuma ba duka ke tsirowa ba. Tull ya zauna ya lura da gonarsa, sai ya gano abu biyu. Na farko, inda tsiron ya yi tazara ya fi bayar da amfani a kan inda ya cunkushe. Na biyu, in ƙwayar ta wuce kimanin rabin inci a cikin ƙasa ba ta iya fitowa, in kuma ba a rufe ta ba sai ta lalace.

Sai ya sa ma'aikatansa suka ja 'yan layuka marasa zurfi, suka zuba iri kaɗan kaɗan da hannu, suka rufe daidai yadda ya ce. Bisa labarin da shi kansa ya bayar daga baya a littafinsa, an yi haka a eka 10, shuka ta yi kyau, kuma abin da ya kashe bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba kashewa ba. Da shekara ta zagayo ya so a maimaita, ma'aikata suka haɗa baki suka ƙi yin aikin yadda yake so. Ya sallame su, ya ƙudurta cewa ko dai ya samo na'urar da za ta yi wannan aiki da aminci, ko kuma ya haƙura da noman gaba ɗaya.

A nan ya kamata a yi wa ma'aikatan adalci, don bakin mai gona kaɗai muka ji. Duƙawa wuni guda ana jera ƙananan ƙwayoyi a layi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mai yafi a tsaye yake aikinsa, ya gama da wuri. Wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ranar shuka, kowa na neman hannu a rana ɗaya saboda ruwa ya sauka jiya, ya san yadda ake ƙarewa. Ka ce a zuba ƙwaya biyu, a zuba maka biyar, don hannu ya gaji kuma ana sauri a tafi wata gonar.

Yadda injin nasa yake aiki

Wajen 1701 Tull ya haɗa injinsa na farko. Ya daɗe yana tunanin abin da zai riƙa buɗewa ya saki iri kaɗan sannan ya rufe, sai ya tuna da cikin ogan. A can akwai wani ɗan harshe da sifirin ke dannewa a bakin kwararon iska, in mai kiɗa ya taɓa sai ya buɗe, in ya saki ya koma ya rufe. Wannan ya ɗauko ya gyara ya kai gona.

Ga yadda abin yake. A sama akwai akwatin da ake zuba iri. A ƙasan akwatin akwai 'yar ƙofa, kuma ta cikin wannan ƙofa sandar da ke riƙe da tayoyi biyu ta ratsa. An kafe tayoyin a jikin sandar, saboda haka in taya ta juya dole sandar ta juya tare da ita. A daidai inda sandar ta ratsa ƙofar an fafe 'yan ramuka a jikinta. Tana juyawa kowane rami ya ɗebi iri daga akwati, ya zagaya da shi ƙasa, ya zubar. Ɗan harshen nan mai sifirin yana jingine da sandar, shi ke tare sauran irin kada ya kwarare. In wata ƙwaya ta maƙale ko tsakuwa ta shiga, sifirin ya ɗan ja da baya ta wuce ba tare da an murƙushe iri ba. Akwai kuma kusa mai zare da ake murɗawa a matse harshen ko a sassauta shi, gwargwadon yawan irin da ake so ya fita.

Irin da ya fito yana bin mazurari ya sauka a bayan wani baki da ke tsaga ƙasa a zurfi ɗaya. Can baya kuma akwai ɗan haro da ke rufewa. Ka ga aiki uku ke nan a tafiya ɗaya: tsagawa, zubawa, rufewa. Doki ne ke ja, kuma daga baya ya yi wanda ke shuka layi uku a lokaci guda, ya yi na alkama daban, ya yi na ƙananan iri daban.

To ina hikimar take? Hannun mutum da lokaci yake aiki. In mai shuka ya yi sauri tazara ta buɗe, in ya gaji ta matse, in hankalinsa ya tafi wani wuri ya tsallake rami. Ita kuwa taya da tsawon ƙasa take aiki. Duk juyi ɗaya da ta yi, ta auna ƙasa daidai da kewayenta, kuma ramukan sandar sun zuba adadi ɗaya na iri. Doki ya yi sauri ko ya yi nawa, abin da zai sauka a kan kowane taku ɗaya ne. In an tsaya a ƙarshen layi, iri ma ya tsaya. Mudun awo da igiyar awo sun haɗu a abu guda ke nan, kuma ƙarfin da ke jan injin shi ne dai ke juya shi, ba a buƙatar wani ƙarfi daga waje.

Ba shi ne na farko ba

Gaskiya ita ce mutane sun daɗe suna neman wannan hanya kafin a haifi Tull. A ƙasar da yanzu ake kira Iraƙi, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, akwai garma mai mazurari da bututu, mutum na tafiya a gefe yana zuba iri a ciki. Mutanen Sin tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suna da na'urar ƙarfe mai bututu da yawa wadda ke shuka layuka a tare. A Indiya ma akwai irinta ta gora. Amma a waɗannan, hannun mutum ko girgizar na'urar ne ke sa iri ya sauka. A Turai, hukumar birnin Venice ta ba wani Camillo Torello takardar mallakar ƙirƙira a kan injin shuka a 1566, sannan a Ingila John Worlidge ya buga zanen nasa a littafi a 1669, sai dai bai yi aiki a gona ba. Abin da ya bambanta Tull shi ne nasa ya fita daga takarda, ya yi shekaru yana shuka gona ta gaske, kuma ya rubuta yadda ake ƙera shi dalla dalla har wani ya iya kwaikwaya.

Tafiyarsa Faransa da garmar doki

A 1709 ya koma wata gona da ake kira Prosperous, kusa da garin Hungerford. Bayan shekara biyu ciwon ƙirjin nan ya tsananta, sai ya tafi kudancin Faransa da Italiya neman iska mai ɗumi. Ya yi kimanin shekara uku a can, ya dawo a 1714. Mai hali ba ya fasa halinsa, ko a jinya gonakin mutane yake kallo. A yankin Languedoc ya ga masu gonakin inabi suna shuka a layi mai faɗi, suna yawan kaftar ƙasar da ke tsakanin layukan, kuma inabin yana yin kyau shekara da shekaru.

Da ya dawo sai ya haɗa wannan da injinsa. Tunda yanzu shuka a layi take, ai doki zai iya bi ta tsakani yana jan 'yar garma, yana kashe ciyawa yana sassauta ƙasa alhali amfani na tsaye. Ya riƙa yin manyan kunyoyi masu faɗin kimanin ƙafa 6, ya shuka alkama layi biyu ko uku a kan kowace, ya bar fili a tsakani don garmar doki. Wanda ke yin maimai da shanu a tsakanin layukan dawa ko masara a yau, hanyar da Tull ya bi yake bi. Kuma a nan ne ribar injin shuka ta fi fitowa. Ragin iri riba ce, amma layi madaidaici da dabba za ta bi ba ta tattake shuka ba ya fi rage wa manomi kuɗin noma.

Inda ya yi kuskure

Nasarar da ya samu ita ta kai shi ga kuskure. Ya yi shekara 13 a jere yana noma alkama a gona ɗaya ba tare da ya zuba taki ba, yana kuma samun amfani. Sai ya yanke cewa abincin tsiro shi ne ƙananan ɓarɓashin ƙasa da saiwa ke haɗiya, don haka in aka niƙe ƙasa da kafta ta yi laushi, taki ba shi da wani amfani sai kawo irin ciyawa.

Abin da bai gane ba shi ne, a tsarin nasa wani babban kaso na gonar hutawa yake kowace shekara, ciyawa ba ta cin rabon alkama, kuma yawan kafta yana sa ruɓaɓɓen ganye da saiwoyin da suka daɗe a ƙasa su saki abincinsu da sauri. Ajiya ce yake ci, kuma ajiya tana ƙarewa. Sai kimanin shekara 100 bayan mutuwarsa masana irin su Justus von Liebig na Jamus suka bayyana sinadaran da tsiro ke sha. A 1843 aka fara gwajin alkama a Rothamsted ta Ingila, wanda har yau ana ci gaba da shi. Filin da ba a taɓa sa wa taki ba yana bayar da kimanin tan 1 a hekta, wanda ake sa wa kuwa yana ninka haka sau da yawa.

A wannan fanni kakanninmu na Kano sun fi shi gaskiya. Tun da daɗewa, da rani jakuna ke fita ta ƙofofin birni da mangaloli cike da takin dabbobi da toka da sharar gida, a kai gonakin da ke kewaye da ganuwa, su dawo da itace da kara. Da wannan ne gonakin karkarar Kano suka jure noma kowace shekara babu hutu, duk da cewa yawancin ƙasar jigawa ce. Saboda haka kada wani ya ji tarihin Tull ya ce inji zai maye gurbin taki. Inji yana ajiye iri a inda ya dace ne kawai, ciyar da shi kuwa aikin taki ne.

Littafinsa da ƙarshen rayuwarsa

Tull ya yi kusan shekara 30 yana aiki da dabarunsa bai rubuta komai ba. Wasu manyan mutane da suka ziyarci gonarsa ne suka matsa masa, sai ya fitar da ɗan littafi a 1731, shekarar da Kumbari ya hau sarautar Kano. A 1733 ya fitar da cikakkensa mai suna The Horse-Hoeing Husbandry, wato noma da garmar doki, da zane-zanen injinan a ciki.

Littafin ya jawo masa surutu. Wata ƙungiyar marubuta harkar noma, wadda Stephen Switzer ke kan gaba a cikinta, ta zarge shi da satar dabarun wasu, ta kuma yi masa ca saboda ya soki koyarwar noma ta Virgil, tsohon mawaƙin Rumawa da Turawa ke girmamawa. Shi ma ba ya barin ta kwana, ya riƙa mayar da martani a ƙarin bayanan da ya yi wa littafin. Ga ciwo, ga ma'aikatan da yake kukan suna yi masa zagon ƙasa, ga maƙwabta da ke kallonsa a matsayin mai taurin kai. Ya mutu a gonarsa ta Prosperous ranar 21 ga Fabrairu, 1741, yana da shekara 66, aka binne shi a Basildon inda aka haife shi. Har ya mutu yawancin manoman Ingila yafi suke yi.

Me ya hana su karɓa? Injin na katako ne da tagulla, kowane ɗaya sai gwanin kafinta da maƙeri sun zauna sun yi shi da hannu. Yana da tsada, yana saurin lalacewa a ƙasa mai duwatsu, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Wannan matsala dai mun san ta.

Abin da aka ƙara bayansa

A Faransa, Duhamel du Monceau ya yaɗa tsarin Tull a littattafan da ya fara bugawa a 1750. A Ingila kuwa gyaran da ya fi muhimmanci ya zo ne wajen 1782, lokacin da wani limamin coci mai suna James Cooke ya yi injin da ke ɗebo iri da 'yan cokula, ya kuma sa giya tsakanin taya da sandar iri. A injin Tull, juyin taya ɗaya juyin sanda ɗaya ne, babu canji. Da aka sa faifai masu haƙora a tsakani, sai ya zama manomi zai iya sauya faifai ɗaya ya ƙara yawan iri ko ya rage. Wajen 1800 James Smyth ya kafa masana'anta a Peasenhall ta yankin Suffolk yana ƙera injinan shuka don sayarwa, kuma da ƙarfen zubi ya yi araha sai injin ya bazu. Daga baya aka kawo sarƙa irin ta keke, wadda ita ce a jikin yawancin injinan da muke gani yau. Manyan injinan zamani na ƙasashen waje sun fara amfani da 'yar motar lantarki a kowane layi, kwamfuta na auna gudun tarakta tana daidaita ta. Aikin da kwamfutar ke yi shi ne dai wanda tayar Tull ke yi, wato daidaita saukar iri da tsawon ƙasar da aka ci.

A Arewacin Najeriya, an fara shirin noma da shanu a 1928, kuma garmar huɗa ce ta karɓu, shuka ta ci gaba da zama aikin sungumi da diddige. A Senegal abin ya sha bamban. Can ƙaramin injin shuka mai suna Super Eco, wanda doki ko jaki ke ja, ya bazu a yankin masu noman gyaɗa. Tayoyinsa ne ke juya wani faifai mai ramuka a cikin akwatin iri, kuma ana sauya faifan, na gyaɗa daban, na gero daban. A Ibadan ma cibiyar IITA ta fito da wani na turawa a shekarun 1970, wanda tayar kanta ce ke da bakuna masu huda ƙasa suna ajiye iri.

Lissafin taya kafin a shiga gona

Mai injin shuka ko ƙungiyar da ke shirin saye, ga yadda za ku yi amfani da dabarar Tull ku san abin da injinku zai zuba tun kafin ku ɓarnatar da iri mai tsada.

Ku sa igiya ku auna kewayen tayar da ke juya faifan iri. A ce kun sami santimita 150. Ku ƙirga ramukan faifan, a ce 6 ne. In juyin taya ɗaya juyin faifai ɗaya ne, sai ku raba 150 gida 6, tazarar shuka ta zama santimita 25. In tsakanin layi da layi santimita 75 ne, kamar yadda malaman gona ke shawarta wa masara, hekta ɗaya za ta ɗauki tsiro kimanin 53,000.

In injin mai sarƙa ne, ku ƙirga haƙoran faifan ƙarfe biyun da sarƙar ta haɗa. In na jikin taya yana da haƙori 12, na wajen iri yana da 24, to sai taya ta juya sau biyu kafin faifan iri ya juya sau ɗaya, tazara ta koma santimita 50. In aka juya su, babban ya dawo jikin taya, tazara ta koma santimita 12 da rabi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ɗaga tayar sama, ku sa alama da alli, ku ajiye kwano a ƙarƙashin mazurari, ku juya ta sau 10. A misalinmu ya kamata ku ƙirga ƙwaya 60. Ku duba ko akwai fasassu, musamman in gyaɗa ce. Sannan ku auna mita 15 a cikin gonar da za a shuka, ku tura injin, ku tona ku ƙirga. In abin da ke ƙasa bai kai 60 ba, taya na zamewa ke nan, tana jan ƙasa ba ta juyawa. Wannan yakan faru a yashi mai laushi, ko in laka ta lulluɓe haƙoran taya, ko in sarƙa ta yi tsauri. Kada ku raina shi. In taya ta rasa juyi ɗaya cikin goma, kun rasa tsiro fiye da 5,000 a hekta, kuma ba za ku sani ba sai bayan an tsiro, lokacin da cike gurbi ya riga ya makara.

Ku tankaɗe iri ku ware manya da ƙanana, don ramin faifai girma ɗaya ne. Ku tafi da tafiyar shanu, banda gudu, domin in faifai ya yi saurin juyawa rami kan wuce bai ɗauki iri ba. Kullum bayan aiki a zazzage akwati, a goge sarƙa a sa mata mai, a duba boris. In shuka ta ƙare a cire sarƙar a adana ta cikin mai, a shigar da injin inuwa.

Kafin ƙungiya ta biya kuɗi kuma, ku tambayi mai sayarwa abu uku: faifan iri nawa ne ke biye da injin, shin sarƙarsa da boris ɗinsa irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa ko wajen mai gyaran keke da babur ne, kuma wa zai gyara shi in ya tsaya a tsakiyar watan shuka. Rashin mai gyara a kusa yana cikin abin da ya sa injin Tull ya yi shekaru da dama bai wuce gonakin 'yan tsiraru ba. Ku zaɓi mutum ɗaya a cikinku ya koyi kwance shi da ɗaurawa tun yanzu, kafin ruwan shuka ya sauka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga kaka lafiya.